Mbankolo ba ta da nisa da Brik

Ranar Lahadi 8 ga Oktoba 2023, bayan an sha ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, bangon wani tsohon tafki da ke kan tudun Mbankolo ya ɓalle. Ruwa da laka da duwatsu suka gangaro kan gidajen da ke ƙasa, kusan mutum 30 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mbankolo da unguwarmu ta Briqueterie, wato Brik, duk a ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu suke. Mun yi jaje, mun girgiza kai, kwana bakwai ba su cika ba muka koma zuba shara a kwata kamar a wata duniya abin ya faru. Jama'a, wannan mantuwar ce ta fi ba ni tsoro.

Masu cewa abin ya zo bagatatan ba su lura da ƙasar da suke takawa ba. A ƙarƙashin Yawunde dutse ne mai tauri, amma zafi da danshi na dubban shekaru sun ruɓar da samansa, ya zama jar ƙasar nan mai zurfi da ke ɓata mana takalmi. Sunan unguwarmu ma daga wurin gasa tubali ya samo asali tun zamanin Turawa, wato laka ce muke zaune a kai. Garin yana samun ruwan sama kusan milimita 1,600 a shekara, a damina biyu, kuma Oktoba ce ta fi tsanani. Idan jar ƙasa ta sha ruwa sai ta yi nauyi, ta yi laushi, ta nemi zamewa daga kan dutsen da ke ƙarƙashinta. Abin da ke riƙe ta a gangare shi ne saiwar itace da ciyawa. To mu me muka yi? Mun sare itacen, mun yanke gefen tudu a tsaye kamar an yanka burodi don a sami filin ɗaki biyu, mun ɗora kwano wanda ke tara ruwan rufi duka ya zubo shi wuri guda a gindin bangon maƙwabci. Kowace damina ruwa yana ɗiban ɗan abin da zai ɗiba, yana raraka ƙarƙashin harsashin gini, yana faɗaɗa ramin da bara yaro ke tsallakewa. Daren Mbankolo shi ne ƙarshen aikin da aka daɗe ana yi a gaban idon kowa.

Za a ce ƙaddara ce, kuma babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya ɗaure tunkiyar layyarsa da igiya biyu, ya kulle shagonsa da kwaɗo uku, ya san cewa ɗaukar mataki ba ya saɓa wa tawakkali. Me ya sa sai a kan ran 'ya'yanmu ne muke tuna ƙaddara? Kafin Mbankolo an yi mana gargaɗi. A Nuwamba 2022, a unguwar Damas ta nan Yawunde, ƙasa ta zaftaro kan mutane suna zaman makoki a gindin wani yankakken tudu, aƙalla 14 suka mutu. A Oktoba 2019, a Gouache ta Bafoussam, fiye da 40 ƙasa ta binne. Sau nawa za a kira mutum kafin ya amsa? Aka zo Mbankolo, muka sake cewa ƙaddara, muka naɗe tabarmar zaman makoki.

Wani zai ce ai Brik ba a kan tsauni take ba, bala'in masu gini a Mbankolo ne. Wannan magana ta wanda bai san hanyar ruwa ba ce. Abin da ruwa ya kankaro daga sama, a ƙasa yake sauke shi. Yashi da laka suna bin ƙoramu irin su Abiergue da Ekozoa zuwa kogin Mfoundi, suna cike magudanai, sai ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakin kwana, ko ya mamaye titin Kennedy a tsakiyar gari. An kashe maƙudan kuɗi, da taimakon Bankin Raya Afirka, wajen gina wa Mfoundi magudanar siminti. Wa ya cika ta da leda da robar ruwa da tsumman tela da tokar gasa nama? Mu ne. Da zarar hadari ya haɗo, sai ka ga an turo yara da bokitin shara su juye a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Ƙofar wani musulmi ɗan'uwanka, wanda gobe za ku haɗa sahu da shi a masallaci. Tun 2014 aka hana ledar nan mara kauri a Kamaru, amma har yau da ita muke ƙulle tsire da ƙosai. Wallahi abin kunya ne a ce unguwar da ta fi kowace yawan alwala a Yawunde ita ce kwatocinta ke toshe.

Hujja mafi ƙarfi ita ce talauci, kuma ba zan raina ta ba. Haya ta yi tsada, fili ya fi ƙarfin talaka, ba wanda ke gina ɗaki a bakin ƙorama don sha'awa. Hukuma ma tana da nata kason, domin tafkin da ya ɓalle ya daɗe yana tsufa, gidaje suna ƙaruwa a ƙarƙashinsa ana kallo. Sai dai talaka ba shi ke sayar da filin ba. Mai kuɗi ne ke cike fadama da ƙasa, ya jera ɗakuna goma, ya zuba masu haya, shi kuma ya kwana a bene a kan tudu. Idan bango ya tsage sai ya shafe shi da siminti ya ƙara kuɗin haya. Wannan kwaɗayi ne, kuma Allah zai tambaya. Talauci kuma bai taɓa tilasta wa kowa jefa leda a magudana ba.

Iyayenmu malamai, don Allah ku kawo wannan magana kan mumbari, ba sai an yi jana'iza ba. Masu unguwa, ku sa ranar gayya a yashe kwatoci kafin ruwan Maris da na Satumba, a shuka ciyawa da itace a duk gangaren da ya tsiraita. Mai ɗaki kuma, idan ka ga bango ya tsage ko ƙasa ta fara tsatsafo da ruwa a bayan gida, ka fitar da iyalinka a daren nan, kada ka jira gari ya waye.