Ƙarin Jini Ba Ya Ƙulla Zumunta, Ba Ya Ɓata Aure

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa mace takan zubar da jini bayan haihuwa, likita ya ce sai an yi mata ƙari, dangi kuwa su tsaya a bakin ɗaki suna ja-in-ja. Wani ya ce jini najasa ne, wani ya ce kada a sa mata na wanda ba Musulmi ba, wani kuma ya ce in mijinta ya ba ta nasa ta zama 'yar'uwarsa. Kafin a gama shawara mai jego ta galabaita.

Gaskiya ne Allah ya haramta jini a cikin Suratul Baƙara, aya ta 173, amma a cikin wannan ayar ce kuma ya ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta. A kan haka malamai suka halatta ƙarin jini ga majinyacin da ke bukatarsa, muddin ba za a cutar da mai bayarwa ba.

Shi jini Allah bai raba shi bisa ƙabila ko addini ba. A shekarar 1901 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano rukunonin da ake kira A da B da O. Bayan shekara ɗaya aka gano na huɗu, wato AB. Mai rukunin A, ruwan jininsa na ɗauke da abin da ke yaƙar jinin B, haka mai B yake ga A. In aka yi kuskure aka haɗa su, sai ƙwayoyin jinin da aka ƙara su dunƙule su farfashe, zazzaɓi ya taso, ƙoda ta tsaya, har a kan rasa rai. Abin lura shi ne, uba mai A da uwa mai B suna iya haifar 'ya'ya masu rukunoni huɗun nan duka. Ashe ke nan jinin shaƙiƙi yana iya halaka mutum, na baƙon da bai taɓa gani ba ya zama sanadin rayuwarsa. Don haka ne masu awo ke gwada jinin biyu tare kafin a ɗaura leda, bayan sun bincika shi saboda ƙanjamau da ciwon hanta.

Batun zumunta kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka cikin watan Rajab na 1409, wato Fabrairun 1989, ta yanke cewa ko jaririn da bai kai shekara biyu ba aka sa wa jinin mace, bai zama ɗanta ba, domin shayarwa kaɗai Shari'a ta ba wannan hukunci. To, ina ga baligi? Miji ya ba matarsa jini, aurensu na nan daram. Sai dai likitoci sun fi son a nemo na wani in tana cikin shekarun haihuwa, saboda jikinta na iya koyon yaƙar jinin mijin, ya cutar da ɗan da za ta ɗauka nan gaba, wanda ya gaji uban. Irin wannan ne ke faruwa ga mace marar alamar Rh, alamar da aka bayyana a 1940, in ta haifi ɗa mai ita. Shi ya sa ake yi mata allura cikin sa'a 72 da haihuwa.

Saura ciniki. Buhari ya ruwaito daga Abu Juhaifa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin kuɗin jini. Masu zaman jira a ƙofar asibiti suna tsuga wa dangin majinyaci farashi, su yi wa kansu hisabi. Majalisar nan ta ce wanda ya rasa mai ba shi kyauta ya saya, babu laifi a kansa, laifin yana wuyan mai karɓa. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, alhali baligi yana da kimanin lita 5, kuma namiji mai lafiya na iya sake bayarwa bayan wata 3.

Wallahu a'alamu.