Jikinka amana ne, ba buhu ba

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, mutanen Bauchi, garin Yakubu, akwai cutar da muke yi wa juna barka a kanta. Mutum ya samu shago a Wunti ko kujera a ofis, shekara biyu ya ajiye tumbi, sai mu ce hutu ya karɓe shi. Amarya ta cika ta batse, mu ce ango ya iya kiwo. To, ku leƙa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ku ga masu jiran likita da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Da yawansu daga wannan barkar suka faro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa.

Likitoci suna da awonsu: a raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau kansa. In lissafi ya kai 25 nauyi ya yi yawa, in ya kai 30 an shiga haɗari. Mai tsawon mita 1.70 da ya kai kilo 87 ya riga ya shiga. In lissafin ya yi maka wuya, ari tef ɗin tela ka auna ƙugu. Namiji da ya wuce santimita 102, ko mace 88, kada ya yi sake, domin kitsen ciki ya fi na ko'ina illa.

Addininmu ya riga likita magana. A Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Ya halatta ci da sha, kuma a nan take Ya hana almubazzaranci. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya koya mana raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: bayan masa goma da miyar taushe da romo, aka kora da lemon kwalba, ina numfashi zai zauna? Masar Bauchi ba ta da laifi, an san ta har Kudu. Kakanninmu sun ci ta, amma sun tafi gona da ƙafa. Mu kuwa daga Gwallaga zuwa bakin titi sai mun tare Keke. Lemon kuwa, kwalba ɗaya babba tana ɗauke da suga sama da ƙaramin cokali goma, kuma ba ta ƙosarwa.

Iyayena mata da ƙannena, ku ji tsoron Allah game da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu Dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don cuta takamaimai. Abin da kike gani a madubi kumburi ne da tarin kitse a fuska da ciki, bayansa kuma suga da hawan jini da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti a janye mata a hankali. Mazajen da ke gorin rama su ma za su amsa tambaya.

Ga inda da yawa ke faɗuwa. Mutum ya yi zuciya ya daina cin komai, ko ya sayi shayin rage tumbi, ya zube a wata ɗaya. Jiki kuwa yana kare ajiyarsa: in ya ga nauyi na sauka sai ya ƙara yunwa, ya rage ƙona abinci. Shi ya sa abin da aka sauke a azumi kan dawo kafin Babbar Sallah, wani lokaci har da riba. Wannan ba lalaci ba ne, halitta ce, kuma wasu sun gaji jikin ne daga iyaye, wasu magani ne ya jawo musu. Don haka haramun ne ka mai da ɗan'uwanka abin dariya a majalisa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Haka wannan yaƙin yake. Mai kilo 100 in ya sauke 5 zuwa 10 ya riƙe hakan shekaru, jininsa da sugansa za su nuna. A rage malmalar tuwo, a ƙara zogale da rama da wake. A mai da lemo na ranar biki. A yi tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar a mako: bayan Asuba, ko ka taka zuwa masallacin da ya ɗan yi nisa, ga lada ga lafiya. Maigida, ka bar iyalinka su motsa jiki, Annabi da kansa ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Azumin Litinin da Alhamis a yi shi don Allah, amma mai shan maganin suga ya fara ganin likitansa kafin ya ɗauka.