Kwaikwayo da Isnadi a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙorafin da masu fasaha ke yi a kan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajoji irin su ChatGPT da Midjourney waɗanda ake ɗura wa ayyukan marubuta da masu zane har su riƙa fitar da makamantansu, galibi yana tsayawa ne a kan cewa na'ura kwaikwayo take yi. Sai dai tarihin ilimi a arewacin Ghana yana nuna cewa kwaikwayo shi kaɗai bai taɓa zama aibi ba. Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan da ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa domin ɗalibai su bi salonsa. Haka kuma Ishiriniya, wadda ake rerawa lokacin Maulidi a zangonni daga Salaga har Bawku, tahamisi ne, wato mawaƙi ya ɗora ɗango uku a kan kowane baitin wani, kuma har yau ba a raba sunan Alfazazi, mai asalin baitocin, da na Ibn Muhibu wanda ya yi ƙarin.

Abin da ya halatta wannan aro shi ne isnadi, wato jerin sunayen waɗanda ilimi ya biyo ta hannunsu, tare da niyya, wadda malaman fiƙihu suka rataya ingancin aiki a kanta. Na'ura ba ta da ko ɗaya, domin tana narkar da ayyukan dubban mutane ne ba tare da ta ambaci kowa ba, kuma babu wata nufaka da za a yi mata hisabi a kai. Wata kotu a Amurka ta kusanci wannan fahimta a 2023, da ta hana haƙƙin mallaka ga hoton da ba ɗan Adam ya ƙaga ba, ko da yake damuwarta dukiya ce, ba amana ba.

Lamarin ya fi fitowa fili a Yendi, inda lunsi, makaɗan fadar Ya-Na, sarkin Dagbon, ke gadon haddar asalin sarakunan ƙasar daga iyayensu. Manhaja tana iya kwaikwayon amon gangarsu sarai, amma makaɗin da ya tsallake sunan wani sarki a gaban fada shi ake tuhuma, a kuma tambayi wanda ya koyar da shi.