Hukuncin Muƙaddima a Ilmin Lissafi

Malamanmu na zaure, Allah ya jiƙansu, ba su yarda almajiri ya buɗe Muhtasar na Halil ba sai ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, haka kuma ba su bar shi ya taɓa Alfiyyar Ibnu Malik ba matuƙar Ajurumiyya ba ta zauna masa ba. Hujjarsu kuwa ita ce ƙa'idar nan ta usulu, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya wajaba, kamar tafiya Makka ga wanda hajji ya hau kansa. Wannan ƙa'ida ce ta faɗo mini a rai ranar da wani ɗalibina ya zo yana kuka da cewa an tsare shi wata da watanni a kan babin fankishin, wanda Larabawa ke kira dalla, alhali shi muradinsa kalkulas, wato hisabut tafaduli wat takamuli. Mas'alar da ya tayar ta wuce lissafi: shin muƙaddima kuɗin fito ce da ake biya a manta, ko kuwa wani yanki ce na ilmin kansa?

A duba ladanin da ya kafa sanda a tsakar masallaci yana jiran La'asar. Ya san cewa ga kowane matsayi da rana ta ɗauka a sama akwai tsawon inuwa guda ɗaya tak da ya lizimce shi, ya san inuwar tana taƙaituwa har zuwa zawali sa'an nan ta soma miƙewa, ya kuma lura cewa miƙewar tata a hankali take bayan Azahar, amma gab da faɗuwar rana sai ta sheƙa a guje. Wannan lizimtar da ke tsakanin abu biyu masu canzawa ita ce dalla, kuma wanda ya fahimce ta ya daina kallon adadi a matsayin abu tsayayye, ya koma kallon nisba. Tambayar da kalkulas ke amsawa, wato yaya saurin miƙewar inuwar yake a wannan lahaza, ba ta da ma'ana ga wanda bai riga ya ga inuwar tana bin rana ba. Irinsa zai haddace ƙa'idoji ya ci jarrabawa, amma taƙlidi ne ya yi, bai kai ga tahƙiƙi ba.

Liyonad Oila, mutumin Siwizalan da aka haifa a 1707, ya gano wannan ciwo tun da wuri, domin ya lura cewa yawancin wahalar da ɗalibai ke sha a kalkulas ta samo asali ne daga kutsawarsu cikinsa da guntun aljabara. Saboda haka a 1748 ya fitar da muƙaddima mai juzu'i biyu wadda ya buɗe da babin dalla, kuma sai a 1755 littafinsa na tafaduli ya fito. Abin da ke burge ni shi ne, malami irinsa bai ga ƙasƙanci ba a gina wa na baya matakala.

Sai dai adalci ya sa in ambaci Ibnu Haldun, wanda ya raba ilmi zuwa wanda ake nufi don kansa da wanda yake kayan aiki, kamar nahawu da mandiƙi, ya kuma yi gargaɗi kada a tsawaita zama a kan kayan aikin har rayuwa ta ƙare ba a isa ga maƙasudi ba. Gaskiya ya faɗa, kuma kukan ɗalibina yana da rabo a cikinta. A ganina, haddin muƙaddima ba a auna shi da watanni. Alamar cikarta ita ce tambayar babban ilmin ta tsiro da kanta a zuciyar mai koyo.

Don haka na ba ɗalibin nawa misalin dutsen da aka saki a rijiya mai zurfi, wanda nisan faɗuwarsa a mita yake daidai da kusan 4.9 a ninka da murabba'in sakan: mita 4.9 bayan sakan 1, mita 19.6 bayan sakan 2, mita 44.1 bayan sakan 3. Na ce ya nemo matsakaicin saurinsa daga sakan 2 zuwa 2.1, ya samu mita 20.09 a sakan. Na ce ya matse tazarar zuwa 2.01, ya samu 19.649, ya ci gaba da matsewa, lambar tana ta dosar 19.6 ba ta taka shi ba. Can sai ya ɗago kai daga takardar ya ce, "Gafarta malam, idan tazarar ta zama sifili fa, me za a raba da me?" Na shaida masa cewa tun da masanin lissafi Labniz ya buga hanyarsa ta kalkulas a 1684 ake ja-in-ja a kan wannan tambaya, har sai da Koshi na Faransa ya soma daidaita ta da ma'anar nihaya, wato iyakar da lamba ke dosa, a 1821, na kuma ce gobe ya zo da littafin kalkulas ɗinsa.