BANGON DA YA TSAGE DA HADARIN DA KE TAFE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda iska da girgije suke ƙarƙashin ikonSa, Yana saukar da ruwa inda Ya so, gwargwadon da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu mutanen Damagaram an san mu da kukan ƙishirwa. Kakanninmu sun yi shi, mu ma mun tashi mun tarar da mata da yara suna kwana a bakin famfo. Har masana tarihi sukan lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zindar zuwa Yamai a 1926. Don haka idan hadari ya haɗo daga gabas, murna ce take fara zo mana, kuma ta dace. Sai dai wannan sabo ya sa mun iya tattalin fari, mun iya fita sallar roƙon ruwa, amma ba mu koyi shirin tarbar ruwan ba in ya zo da yawa.

Daminar 2024 ta nuna mana haka. Hukuma ta ƙidaya mutum kusan 400 da suka rasu a faɗin Nijar, wasu ruwa ya ci, wasu ɗaki ya rufta musu, waɗanda abin ya shafa kuwa sun haura miliyan ɗaya da rabi. Sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. A nan gida, ranar Talata 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ya yi fiye da shekara 150 a tsaye, ya durƙushe a gaban idon jama'a. An ga tsagewa a jikinsa kafin ya faɗi, amma a lokacin ruwa ya riga ya kankama, kuma kowane magini ya san ba a gyaran ginin ƙasa a tsakiyar damina.

A cikin wannan wata na Satumba ne wata babbar guguwar teku da aka laƙaba wa suna Helene ta afka wa Amurka. Irin waɗannan guguwoyi ba su iso mana, domin zafin ruwan teku ne abincinsu. Amma akwai dangantaka tsakaninmu da su wadda ta isa mai hankali ya yi tasbihi: masana yanayi sun tabbatar cewa da yawa daga cikin manyan guguwoyin Tekun Atlantika suna somawa ne daga wannan hadari da yake ratsa ƙasashenmu daga gabas zuwa yamma, idan ya wuce gaɓar Senegal ya hau teku sai ya tattaru, ya fara juyi. A can akan sanar da jama'a kwanaki kafin isowarta, su toshe tagogi da katako, su tanadi ruwan sha da abinci, na bakin teku su ƙaura. Helene ta sauka a jihar Fulorida ranar 26 ga wata, ta kashe fiye da mutum 200, kuma kaso mai yawa daga cikinsu mazauna tsaunukan Karolina ta Arewa ne, ɗaruruwan kilomita daga teku, inda mutane da dama suka ɗauka gargaɗin na ƴan gaɓa ne. Haka a Libiya, ƙasar da yaranmu suke zuwa ci-rani, guguwar Daniyel ta fasa madatsun ruwa biyu a saman garin Darna cikin Satumbar 2023, mutum fiye da 4,000 suka halaka a dare ɗaya, alhali masana sun daɗe suna faɗin cewa madatsun suna bukatar gyara.

Su kwanaki ake ba su. Mu kuwa Allah Ya ba mu wa'adin da ya kai wata takwas, daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwarsa, kuma gargaɗinmu a rubuce yake a jikin bangon ɗakin da muke kwana.

Mun sani akwai mai cewa, ai abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa, wanda gini ya faɗa wa da wanda ruwa ya ci duk shahidai ne. Gaskiya ne hadisi ingantacce ya zo da wannan bushara, kuma muna fatan ta ga ƴan'uwanmu da suka riga mu. Amma busharar ta mamaci ce, ba ta wanke maigidan da ya ga ɗaki yana zubar da ƙasa ya bar iyalinsa a ciki. Annabi Nuhu (A.S.) ya sassaƙa jirgi a kan tudu, manyan mutanensa suna wucewa suna yi masa ba'a, kuma babu wanda zai ce ya fi shi dogaro ga Allah. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (S.A.W.) idan ya ga hadari ko iska mai ƙarfi fuskarsa takan sauya, ya riƙa shiga yana fita, sai an fara ruwa hankalinsa ya kwanta.

Ku dubi kuma Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a. Annabi Musa (A.S.) da bawan Allah Haliru sun shiga wata alƙarya, mutanenta suka hana su abinci, sai suka tarar da bango yana shirin faɗuwa, Haliru ya tayar da shi bai karɓi ko anini ba. Bangon na marayu biyu ne. Sau nawa muka wuce wannan ƙissa da baki, sa'annan muka wuce irin wannan bango da ƙafa a lungunan Birni da Zango da Garin Malam? Malaman fiƙihu ba su bar zancen a matsayin wa'azi kawai ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda katangarsa ta karkata, aka gargaɗe shi, ya sami damar gyara bai gyara ba, idan ta faɗi ta halaka rai ko dukiya to lamuni yana kansa. Ashe faɗa wa maƙwabci cewa bangonsa ya tsage ba shisshigi ba ne, haƙƙi ne da Shari'a ta gina hukunci a kansa.

Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta kai da ta ƙafa. Ta kai, idan indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta bisa soro, ya jiƙa ƙasar rufi har nauyinta ya fi ƙarfin azarar da gara ta riga ta ci. Ta ƙafa, idan ruwa ya taru a gindin bango kwana biyu ko uku, tubalin ƙasa ya koma laka, sai bangon ya zauna. Shi ya sa iyayenmu ba su barin bazara ta wuce ba su yi yaɓe ba, su ɗaga gindin bango, su fitar wa ruwan tsakar gida hanya. Yau mutum yana da kuɗin biki, yana da na sabuwar waya, amma na magini sai ya ce sai baɗi. Garinmu kuma a kan dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta shan ruwa da sauri, duk abin da ya sauka gangarawa yake yi zuwa tafkuna da kwaruruka. Idan mun cika magudanai da leda da shara, muka yanka filaye a cikin tafkin da ya ƙafe muka gina, ruwa zai zo neman tsohon gidansa, kuma ba ya sallama. Mai zuba shara a kwata da dare ya sani cewa yana tura ruwa ne cikin ɗakin wani.

Idan kuma hadarin ya riga ya haɗo, lokacin gyara ya wuce, saura tsira da rai. Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da sanarwa, Muryar Sahel da sauran gidajen rediyo suna karantawa. Sauraron wannan ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba, karanta alamu ne kamar yadda manomi yake duban gabas. Ɗakin da ake shakkarsa a fitar da yara da tsofaffi daga cikinsa tun da sauran haske, domin ruftawar da ta fi kisa ita ce ta dare, mutane suna barci. Takardun haihuwa da na gida a ƙulle su cikin leda a rataye, hatsi a ɗaga shi daga ƙasa, dabbobi a kwance su daga jikin katanga. Direbobi da ƴan kabu-kabu masu bin hanyoyin Mirya da Magarya da Matamaye, ku ji tsoron Allah game da rayukan da kuka ɗauko: ƙoramar da ta kawo ba a gwada ta da mota, jiran sa'a biyu bai taɓa kashe kowa ba. Bayan ruwa ya janye a kula da na sha, a kwana cikin gidan sauro, domin amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suna bin sawun ambaliya.

Muna da magana ta musamman da limamai da kwamitocin masallatai. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na tsohon babban masallacin Zariya ya rufta kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka, kuma an ga tsagewar tun kafin ranar. Rufe masallacin da ake tsoron faɗuwarsa, a yi salla a fili ko a wani masallacin, ba raina ɗakin Allah ba ne. Addini ya yi mana sauƙi a nan. Mai Risala ya kawo rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwa. Ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya umurci ladaninsa a ranar Juma'a mai ruwa da ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu, da wasu suka yi mamaki ya shaida musu cewa wanda ya fi shi ya aikata haka. Kuma amsa-kuwwar da take tada unguwa da asuba tana iya tada ta idan ruwa ya fara shiga gidaje.

Kowane masallacin khamsu salawati ya san gidajen da ke kewaye da shi: ya san gidan matar da mijinta ya rasu, da na tsohon da ƴaƴansa suke Libiya ko Aljeriya, da zauren da almajirai ashirin suke kwana a ƙarƙashin azara ɗaya. Muna kira ga kowace jama'a ta zaɓi mutum uku ko huɗu, a haɗa da magini, su zaga waɗannan gidaje kafin ruwan fari. Inda ake bukatar gayya matasa su fito, inda ake bukatar kuɗi a kai wa masu hali. Wanda Allah Ya hore wa gidan siminti ya faɗa wa maƙwabtansa tun yanzu, da bakinsa, cewa zaurensa a buɗe yake daren da hadari ya yi tsanani, domin talaka mai kunya ba zai ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare ba sai in an riga an gayyace shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu sharrin abin da ke cikinta. Amin.