Gemun Maƙwabci: 'Yancin Mai Gida a Gaban Wutar Daji

Hausawa kan ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Galibi mukan ɗauki wannan magana a matsayin gargaɗi ga mutum ya tsirar da kansa. Amma idan muka dubi dokokin da wasu ƙasashe suka shimfiɗa wa masu gidaje a bakin daji, sai wata tambaya ta taso: shin shafa ruwan nan ganin dama ne na mai gemu, ko kuwa bashi ne da maƙwabta ke bin sa?

Bari mu ɗauki misalin jihar Kalifoniya ta Amurka, inda tsananin rani da busasshiyar iska kan mai da daji abin da ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Tun 2005 dokar jihar ta wajabta wa mai gida a irin waɗannan wurare ya gyara kewayen gininsa har nisan ƙafa 100, ko zuwa iyakar filinsa. A da ƙafa 30 ne kawai. Wato ya kwashe busassun ganye daga rufi da indararo, ya rage tsawon ciyawa, ya sassabe rassan da suka sunkuyo kan ɗaki. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa ba harshen wuta ke fara cin gida ba, garwashin da iska ke yayowa daga nesa ne kan faɗa cikin tarkace. A kudancin Faransa ma abin ya zarce haka: mita 50 ake sharewa, ko da aikin zai kai mutum cikin filin maƙwabcinsa.

A nan ne mai gida zai ɗaga murya. Zai ce da guminsa ya sayi fili, da hannunsa ya dasa itatuwan da yake shan inuwarsu, kuma kowa a gidansa sarki ne. In ya zaɓi ya zauna da haɗari, ina ruwan hukuma? Wannan hujja tana da ƙarfi, da a ce asarar a kansa kaɗai za ta tsaya. To, amma wuta ba ta san danga ba. Gidan da ya kama shi ne itacen hura na kusa da shi, sannan 'yan kwana-kwana ne za su sa ransu a gaba saboda sakacin da ba nasu ba. A watan Nuwamban 2018 wutar da ta cinye garin Faradais da kewayensa ta halaka mutum 85, ta ƙone gine-gine fiye da 18,000. Sarautar mutum a gidansa tana ƙarewa ne daidai inda ran waninsa ya soma.

Duk da haka, kada mu yi tuya mu manta da albasa. Wutar Faradais daga layin lantarkin wani babban kamfani ta tashi, ba daga tsakar gidan talaka ba. Dokar da ta matsa wa ƙarami ta sassauta wa babba ba ta cika adalci ba. Haka kuma tsohuwar da ba ta da ƙarfin riƙe adda, ba ta da kuɗin ɗaukar ɗan ƙwadago, tara ba za ta share mata fili ba. Jama'ar da ta ɗora mata nauyi domin amfanin kowa, wajibi ne ta kai mata gayya.

Saboda haka, a ganinmu, shafa ruwan bashi ne, sai dai bashi ne da kowa ke bin kowa. Mu da muka san yadda hunturu kan ɗauki wuta daga zanar wani ya kai rumbun wani, ba baƙi ba ne ga wannan darasi. Wanda ya jiƙa gemunsa, gemun ɗan'uwansa ya kare.