Kada Kara Ta Sa Ki Ɗauki Kayan Da Ba Ki Sani Ba

Ya ke 'yar'uwa mai shirin tafiya Hajji ko Umra, ga 'yar nasiha kafin ki ɗaure kaya.

Imam Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai ya umurce shi da ya ɗaure ta tukuna, sannan ya dogara. To, raƙumarki a wannan tafiya ita ce jakarki.

Mu mata kara ta yi mana yawa. A filin jirgi wani zai ce, "Hajiya, don Allah ga ɗan ƙunshin yaji ki kai wa ƙanwata a Makka," ki kasa cewa a'a. Alhali a Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa har ga kisa. Ko wadda ba ta karɓi saƙon kowa ba, sai ta kula. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina, saboda Tramadol da ke cikin wata jaka da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta.

Don haka ki haɗa kayanki da hannunki. Wajen awo ki tsaya tare da maigida ko muharraminki, ku ƙirga jakunkuna, ku tabbata adadinsu ya yi daidai da 'yan takardun shaidar da aka ba ku, ki adana su. Maganinki kuwa ki tafi da takardar likita. Ƙin karɓar saƙon da ba ki buɗe ba ba yanke zumunci ba ne, kare kai ne.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya karɓi ibada, Ya dawo da ke ga iyalinki lafiya. Amin.